Gudu a bakin kogin Isa: wace hanya za ka bi, wane takalmi za ka saya

Yawancin masu son fara gudu a Yamai kasuwa suke fara nufa, su sayi takalmi, sannan su shiga neman inda za su taka da shi. Kamata ya yi hanya ta rigayi takalmi. Bakin kogi duk shimfiɗaɗɗe ne, babu hawa babu gangara, amma ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarka kashi uku ce: kwalta, lakar fadama, da yashi mai haɗe da jan burji. Kowace da takalmin da take so, kowace kuma da watannin da take biyuwa.

Hanya mafi sauƙi ita ce kwaltar bakin ruwa ta cikin gari, wato kornish ta Yantala kafin ruwan kogi ya iso gadar Kennedy da ta Gamkale bayan ya wuce ta. Ana binta duk shekara, akwai mutane, akwai masu sayar da ruwa, in ƙafa ta ƙi kuma taksi ko kabu-kabu ba su da nisa. Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, tsawonta mita 710 ne, don haka zuwa da dawowa a kanta ya kusa kilomita 1 da rabi, ma'auni mai kyau ga wanda ba shi da agogon auna tafiya. Da gada ta biyu ta 2011 da gadar Janar Seyni Kountché ta 2021, mai dogon numfashi zai iya ƙetarewa Harobanda, wato ɗaya gaɓar kogin, ta wata gada ya dawo ta wata. Aibin kwalta biyu ne. Ba ta sassauta wa gwiwa da ƙwauri, kuma gefenta a karkace yake don ruwa ya gangare, in kullum gefe guda kake bi ƙafa ɗaya ce za ta riƙa ɗaukar nauyin. Ka bi gefen da kake fuskantar motoci, ka kuma fita kafin cunkoson safe.

Fadamun shinkafa su ne abin da ya fi daɗi, su ne kuma suka fi neman sani. Akwai su a Saga da Libore in ka bi hanyar Kollo, akwai na Kirkisoye da Sagiya a ɗaya gaɓar. Ana gudu ne a kan tudun ƙasar da aka yi don tare kogi, ko a kan hanyoyin da ke bin magudanan ban ruwa. Da rani lakar ta bushe ta daddale, ƙafa tana samun sauƙin da kwalta ba ta bayarwa, ga sanyin ruwa da asuba. Amma busasshiyar laka tana riƙe da sawun duk abin da ya taka ta tana ɗanya: kofaton shanu, tayar amalanke, ƙafar manomi. Waɗannan ramuka su ke kawo targaɗe, musamman ga mai fita kafin gari ya waye. Rana a Yamai tana fitowa ne tsakanin ƙarfe 6 da rabi da 7 da ƴan mintoci gwargwadon wata, saboda haka a fadama gara ka jira haske ya bayyana. In ruwan sama ya sauka da dare, ka haƙura da ita kwana ɗaya ko biyu, domin lakar tana manne wa ƙasan takalmi har ya yi nauyi, santsinta kuma ba ya jin kowane irin haƙorin ƙasan takalmi.

Sai a kula da cikar kogi, wadda sau biyu take zuwa. Ta farko ta damina ce, a Agusta da Satumba, ruwan ja wur saboda ƙoramun da ke zubowa. Ta biyu ruwan Gini ne da Mali, yana isowa wajen Disamba da Janairu, lokacin da ba a tsammani don sama ba ta zubar da ko ɗigo ba. Hanyar da ka bi a Mayu tana iya zama ƙarƙashin ruwa a waɗannan watanni. A 2020 ruwa ya fasa tudun kariya ya shiga unguwannin Harobanda. In ka ga tudu ya tsage ko ruwa yana tsattsafowa ta gindinsa, ka juya, ka kuma sanar da manoman wurin.

Hanya ta uku ita ce ta ƙauyuka, daga Gudel zuwa wajen Tondibiya, ko ƙauyukan da ke bayan Saga. Nan burji da yashi suke cuɗanya. Burji yana da kyau in babu manyan motocin yashi masu tada ƙura. Yashi mai zurfi yana ƙarfafa ƙafa amma yana jan agara, don haka sabon shiga ya fara da minti 10 zuwa 15 a cikinsa, ya ƙara a hankali. Ga ƙarangiya bayan damina, ga ƙayar aduwa da ke huda takalmi mai laushin ƙasa. Game da tsaro kuwa, jihar Tillaberi ce ta kewaye Yamai kuma halin da take ciki ba ɓoyayye ba ne. Kada ka yi nisa da gari, kada ka tafi kai kaɗai, ka riƙe katin shaidarka, ka faɗa wa na gida inda ka nufa.

Yanzu takalmin. Na kwalta ƙasansa kusan sumul ne, sosonsa mai kauri, samansa raga ce mai shan iska, nauyinsa wajen giram 250 zuwa 300. Ya dace da kornish da busasshiyar fadama. A yashi ragar tana tace ƙasa zuwa ciki, ta haɗu da gumi ta goge fata har ta yi bororo. Na daji yana da haƙora a ƙasa, samansa saƙa ce matsattsiya, bakin yatsunsa da kariya, wasu har da faranti siriri a ciki mai tare ƙaya da tsakuwa. Masu haƙoran milimita 5 zuwa sama don duwatsu da taɓo aka yi su, kwalta mai zafi tana cinye su da wuri. A ganinmu wanda kuɗinsa na takalmi ɗaya ne ya nemi na tsakiya, mai haƙora milimita 3 zuwa 4, domin kusan duk mai zuwa fadama sai ya fara taka kwalta daga gida. Wanda aka ce ruwa ba ya shiga, ka bar shi: a zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 ƙafa dahuwa take yi a ciki, in ruwa ya shiga ta sama kuma ba ya fita. Takalmin ƙwallo da kambas na ado ba na gudu ba ne.

Tambayar da ta fi damun mutane ita ce sabo ko bosho, wato na gwanjo. Takalmin gudu yakan yi kilomita 500 zuwa 800 kafin sosonsa ya mutu, wato mai yin kilomita 20 a mako zai cinye shi cikin wata 6 zuwa 9. Bosho na asali da bai sha tafiya ba ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba, sai dai samansa yana iya ƙyalli alhali soson ya riga ya gama aiki. Ka ajiye shi a kan tebur ka duba ta baya, in ya karkata gefe ka mayar. Ka danna soson da babban yatsa daga ciki bayan ka cire shimfiɗar: mai rai yana dawowa, matacce ya yi tauri ko ya cika da tamoji a gefe. Ka lanƙwasa shi, ya kamata ya lanƙwashe a wajen yatsu, ba a tsakiya ba. Ka matsa bayan diddige ka ji ko yana da ƙarfi. Ka bi gefen ƙasan da farce, domin gam ɗin takalmin da ya daɗe a dila ko a rana yana saki, kuma mai gyara zai iya ɗinke saki amma ba zai iya tada soso ba. Jabu kuwa ana gane shi da ɗinki marar daidaito, da gam da ya malalo, da lambar cikin harshen da ta saɓa tsakanin ƙafar dama da hagu.

Ka je gwaji da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka riƙa gudu da ita. Ka bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin doguwar yatsarka da bakin takalmi. Matsattse shi ke baƙanta farce. Safar auduga tana riƙe gumi, ta zaren roba mai ɗan tsawo ta fi, tana kuma hana yashi shiga ta idon sawu.

Abin ɗaukar ruwa ya danganta da nisa. Ƙasa da minti 45 a kornish, kuɗin ruwan leda a aljihu ya isa. A fadama da ƙauye babu mai sayarwa a kowace kwana, sai gorar hannu ta rabin lita ko ɗamarar ƙugu mai gora biyu. Jakar baya mai lita 1 da rabi ta wanda zai haura awa ɗaya da rabi ce, tana ƙara zafi a baya, in ba a shanya ta ba kuma tana yin funfuna. Don sanin abin da jikinka ke zubarwa, ka hau sikeli kafin gudu da bayansa: kowane kilo 1 da ya ragu kusan lita 1 ce ta ruwa. Duk zafin da kake ji kada ka tsoma ƙafa a magudanar ban ruwa ko gefen kogi mai ciyayi, nan ake ɗaukar tsargiya, kuma ƙwayarta ta fata take shiga. Akwai dorina a kogin, tana fitowa kiwo da dare ta koma da asuba, in masunta suka ce an gan ta a wani wuri ka canza hanya.

A ƙauye dogon wando marar nauyi ko mai rufe gwiwa ya fi gajere, mata kuma akwai hijabin wasanni mai shan iska. Ka rage gudu in ka iso wurin dattawa ka yi sallama, ka ce fofo in Zabarmawa ne. Ka ba garke hanya, kada ka ratsa shuka ko shanyar shinkafa. In kare ya taso ka tsaya cak ka ja da baya a hankali, idan kuma ya cije ka, ka wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 ka nufi likita a ranar saboda ciwon haukan kare.