Darasin Turanci daga Hanoi zuwa Maraɗi: abin da na samu da kuɗina

Kuɗin da na kashe wajen koyon Turanci ta intanet a hannun wata malama Ba'amurkiya da ke zaune a Hanoi, babban birnin Biyetnam, ba su tafi a banza ba. Bakina ya buɗe, kunnena ya saba. Rubutuna ne dai bai matsa sosai ba. Na rubuta wannan ne saboda 'yan uwana ma'aikatan lafiya da suke ta tambayata a WhatsApp ko abin ya kai a zuba masa kuɗi.

Ni ungozoma ce a Maraɗi. Da Faransanci muka yi karatu, Turanci kuwa sai da muka shiga kwaleji aka fara koya mana shi, yawanci a kan allo. Mutum ya iya cike gurbi a jarrabawa, amma in baƙo ya tsaya gabansa sai harshe ya ƙi motsi. Iyayenmu sun fi mu sa'a ta wannan fanni, domin 'yan Peace Corps, masu aikin sa-kai da gwamnatin Amurka ke turowa, sun yi aiki a Nijar tun daga 1962 har zuwa Janairun 2011, kuma kawuna a hannun ɗaya daga cikinsu ya koyi Turancin da yake yi har yau. Cibiyar al'adun Amurka da ke Yamai an san ta da azuzuwan Turanci, sai dai tsakaninmu da Yamai ya haura kilomita 600, ga aiki, ga yara. Na fara darasin a 2024. Da kundin tafiyar da mulkin Nijar da aka fitar a Maris ɗin 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya kuma ajiye Turanci da Faransanci a matsayin harsunan aiki, sai masu tambayata suka ƙaru.

Tsarin ba shi da wuya. Akwai manhaja, malamai sun jera hotunansu da ɗan bidiyon gabatar da kai da kuɗin awa. Ka zaɓa, ka biya da katin banki, ka kama lokaci. Tawa malamar dala 15 take karɓa a awa, wato wajen jika tara na sefa, kuma manhajar tana yankar nata kaso kafin kuɗin su isa hannunta. Hanoi na gabanmu da awa shida, don haka ƙarfe shida na safe a nan, bayan na yi sallar asuba na ɗora ruwa, ita sha biyun rana ce a wurinta. Wannan lokaci ya yi mana daidai mu biyu, kuma ba haka kawai ba: tana kuma koyar da yara a wata cibiyar Turanci a Hanoi, wadda sai da yamma take cika, bayan yara sun tashi daga makarantar gwamnati, sai kuma Asabar da Lahadi tun safe har dare. Ranarta a juye take. Lokacin da jama'a ke wurin aiki ita tana gida, lokacin da suke hutawa ita tana tsaye gaban yara.

Yadda take koyarwa shi ne abin da na fi yabawa. Ba ta katse ni in ina magana. Tana rubuta kurakuraina a gefe, sai a mintunan ƙarshe ta zaɓi uku ko huɗu ta gyara, sauran ta bar su sai wani jiƙon. Ta tambaye ni aikina tun ranar farko, daga nan darasin ya koma kan awon ciki da hawan jini da zubar jini bayan haihuwa da yadda zan yi wa likita baƙo bayanin majiyyaciya. Da na ce mata ina da niyyar zama IELTS, jarrabawar auna ƙwarewa a Turanci, sai ta riƙa sa agogo tana yi mini tambayoyi kamar yadda ake yi a ɓangaren magana, wanda ke ɗaukar minti 11 zuwa 14. "Malama, kin yi sauri," nakan ce mata, sai ta rage, amma ba ta mai da maganar ta yara ba. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, domin babbar mace ba ta son a riƙa lallaɓa ta a kan abin da ta biya kuɗi ta koya.

Da yake hira ce darasin, rayuwarta ta zama rabin littafin da na karanta. 'Yar jihar Ohayo ce. Ta gama jami'a da bashin karatu a wuya, ta duba albashin da za ta samu a gida da kuɗin haya, ta ga ba za su haɗu ba. Sai ta yi kwas ɗin CELTA na Cambridge, na koyon koyar da Turanci, mai awa 120, wanda a cikinsa ake sa mutum ya koyar da ɗalibai na gaske ana kallonsa, ta tafi Koriya ta Kudu. A birnin Degu ta yi aiki, a irin makarantun kuɗin nan na yamma da suke kira hagwon, inda aka ba ta ɗaki ɗaya kyauta. Daga baya ta koma koyar da yaran Sin ta intanet a kamfanin VIPKid, har gwamnatin Sin ta fito da dokar taƙaita darussan kuɗi a Yulin 2021, aikin ya ƙafe mata tare da dubban malamai irinta. Shi ne ta nufi Biyetnam, inda sai da ta gabatar da takardar digiri da ta koyarwa da shaidar cewa ba ta da laifi kafin a ba ta izinin aiki.

Mu a nan in an ce Ba'amurke, abin da ke zuwa mana a rai shi ne mota mai sanyi da gida mai gadi. Ita babur ne da ita, da hular kwano da takunkumin fuska, domin a lokacin sanyi iskar Hanoi takan yi kauri da hayaƙi har maƙogwaronta ya dushe, kuma malami da murya yake ci. Da safe takan zauna kan ƙaramar kujerar roba a bakin titi ta sha romon taliyar shinkafa. Tana wanki, tana rigima da mai gida kan kuɗin wuta, tana gyaran takardun yara da daddare. Duk wata tana tura kuɗin bashin karatu, duk shekara kuma tana cike takardun haraji na Amurka, domin ƙasarsu tana bin ɗanta da wannan ko ina yake zaune a duniya. Mahaifiyarta na bayanta da awa 11 ko 12, gwargwadon lokacin shekara, saboda haka in za su gaisa, ɗaya na shirin kwanciya ɗaya na tashi. Ranar bikin godiya da Amurkawa ke yi a Alhamis ta huɗu ta Nuwamba, ita tana aji, don a Biyetnam ranar aiki ce. Washegari na ga idonta ya yi ja, na ce mata, "Malama, sai haƙuri, haka zaman nesa yake." Ta yi mini godiya, muka ci gaba da darasi.

Ta ba ni labarin Tet, sabuwar shekararsu, wadda a 2025 ta faɗo ranar 29 ga Janairu. Gari ya watse, kowa ya tafi ƙauyensu, shaguna a rufe, ana ba yara kuɗi cikin jar ambulan kamar yadda muke ba su goron salla. Iyayen wani ɗalibinta ne suka gayyace ta gidansu don kada ta wuni ita kaɗai. Ni kuma da azumi ya zo ta yi ta tambayata yadda nake karɓar haihuwa da ƙishirwa a zafin Maraɗi, har ta je ta ga masallacin Al-Noor da ke tsohuwar unguwar Hanoi ta zo ta ba ni labarinsa. Da Turanci muka yi duk wannan, kuma a nan ne na gane na daina fassarawa daga Faransanci a zuciyata kafin in yi magana.

Abin da na yi imani ya sa ta iya koyarwa shi ne ita ma ɗaliba ce. Tana koyon harshen Biyetnam, wanda a Hanoi yake da karin sauti shida, kuma sau da yawa takan faɗi abu a kasuwa mai kaya ta tsaya tana kallonta ba ta gane ba. Ta san kunyar babban mutum da ya buɗe baki ya kasa. Shi ya sa in na tsaya ina neman kalma ba ta cika mini, tana jira. Na gwada wani malamin kafin ita, shi ma Ba'amurke, wanda bai taɓa koyon harshen kowa ba, bai kuma taɓa tsayawa gaban aji ba. Hirarsa da daɗi, amma in na tambaye shi dalilin da ya sa ake faɗin abu kaza haka, amsarsa ita ce haka ake faɗi. A haife ka cikin harshe daban, ka iya koyar da shi daban.

Wannan ya kai ni ga wani abu da ya tsaya mini a rai. Ita ce ta gaya mini cewa bizar koyar da Turanci ta Koriya, E-2, asali 'yan ƙasashe bakwai ake ba wa: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ayilan, Ostiraliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Malamin da ya yi digirin Turanci a Zariya ko a Akara, ya shekara goma yana koyarwa, fasfonsa ba ya cikin jerin. A manhajojin intanet ma za ka ga malaman Najeriya da Gana da Kenya sun sa kuɗin da bai kai rabin na Ba'amurke ba don su samu ɗalibai. Malamata ba ta musa ba, ta ce ta san fasfonta ya buɗe mata ƙofar da aka rufe wa waɗanda suka fi ta sanin nahawu. Na girmama ta da wannan maganar, amma rashin adalcin yana nan, kuma mu ɗalibai muna ƙara masa ƙarfi duk lokacin da muka zaɓi malami saboda tutar da ke gefen hotonsa.

Abubuwan da ba su yi mini ba su ne waɗannan. Biya da dala yana da ciwo, ga abin da banki ke cira a kowane biya. Dokar manhajar kuma ita ce in ba ka soke darasi da wuri ba kuɗinka sun tafi, alhali wuta da rezo a nan ba sa yi wa kowa sallama kafin su ɗauke. Malamar takan yafe mini ta sake sa wani lokaci, amma wannan kirkinta ne, ba hakkina ba. Ita ma abin ya taɓa ta a Satumbar 2024, lokacin da guguwar Yagi ta afka wa arewacin Biyetnam, bishiyoyi suka faɗi a titunan Hanoi, ta yi kwanaki ba ta iya shiga darasi ba. Sai rubutu: awa ɗaya ta magana ba ta isa a gyara shi, kuma in ka mai da awar ta gyaran rubutu, ka sayi abu mai arha da tsada. Na koma wajen wani malamin lise, wato babbar sakandare, a nan garin yana duba mini rubutu da nahawu a kan kuɗi kaɗan, kuma da yake ya san Faransanci da Hausa, ya fi ta gane inda kuskurena yake fitowa.

Ga wanda bai san komai ba a Turanci, ban ba shi shawarar ya fara da wannan ba, zai biya jika tara ya yi shiru awa guda. Ya fara da malamin gida tukuna. Wanda kuwa yake karantawa yana ganewa amma bakinsa ya ƙi, kamar yadda nake a da, wannan nasa ne. Ya yi darasin gwaji da malamai biyu ko uku, har da 'yan Afirka, ya tambayi kowanne ko ya taɓa riƙe aji da kuma wane harshe shi ma yake koyo. Ya kuma nemi a kashe bidiyo in rezo ya yi rauni, murya kaɗai ta isa, kuma ta fi sauƙin data.