Asabar shida a ajin koyon rubutun raha a Mabera

Shekara uku ke nan ina rubuta gajerun labarai a Facebook, yawanci na zaman gida da tarbiyya. Abu ɗaya ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Labarin da zan bayar da baki a tsakar gida har mutane su riƙe ciki, in na sa shi a rubuce sai ya yi lami. Shi ya sa da na ji wani dattijo ya buɗe ajin koyon rubutun raha a wata makarantar kuɗi da ke unguwar Mabera a Sakkwato, ban yi wata-wata ba na biya N6,000 na mako shida. Ana zama duk Asabar daga ƙarfe 10 zuwa azahar. Mu 14 ne, mata huɗu.

Malam ya daɗe yana rubuta wasan kwaikwayo na rediyo kafin ya yi ritaya, kuma da jin maganarsa ka san da kunne yake aiki. Ranar farko bai bari mun taɓa biro ba. Cewa ya yi kowa ya faɗi da wa yake wasa. Aka lissafo jika da kaka, taubasai, Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarbawa. Ya ce mu lura, duk waɗannan wasanni akwai yarda a ƙarƙashinsu, kowane ɓangare ya san yana da damar ramawa. Wanda zai karanta rubutunka a waya ba taubashinka ba ne, bai ba ka wannan izini ba. Daga nan ya rarrabe mana raha da ba'a da habaici da zambo, ya kafa mana doka cewa ba a ajinsa za a yi wa makaho ko gurgu ko mai in'ina dariya ba. Wannan zama kaɗai ya kwantar mini da hankali, don abin da ake kira barkwanci a intanet yanzu da yawansa cin mutunci ne tsagwaronsa.

Mako na uku ne ya fi tsaya mini a rai. Na kawo labarin mahaifiyata da ɗana mai shekara 7. Ta ce masa maigida, yau kwana uku bai ba ta kuɗin cefane ba. Ya ce ai ya sake ta tun jiya. Ita kuma ta ce to ya maido mata tuwonta. A rubutuna na yi layi biyar ina bayanin yadda wasan jika da kaka yake, na rufe da cewa sai kowa ya fashe da dariya.

Malam ya karanta a fili, ya ɗaga kai ya ce, "Malama, wa yac ce ki gaya muna sun yi dariya? In abin na da dariya, mu ka yin ta." Ya ja jan biro ya soke layin ƙarshe da bayanin nan duka. Sannan ya tambaye ni ko haka Inna take magana, da Hausar littafin makaranta. Na ce a'a. Ya ce in maida mata bakinta. Da na sake rubutawa, ga yadda ya fito:

"Maigida, yau kwana ukku ba ka ba ni kuɗɗin cehwane ba."
"Ai na sake ki tun jiya."
"To maido man tuwona na daren jiya."

Na karanta, ajin ya ɗauka. Labarin bai canza ba, kalmomin da ke danne shi aka ɗauke, aka bar tuwon ya zo a ƙarshe inda numfashi ke tsayawa. Tun ina makaranta ake gyara mini "munka" da "wanga" da "mi" a rubutu, har na ɗauka Sakkwatanci bai da wuri a takarda. Malam ya ce bayani na iya tafiya da daidaitacciyar Hausa, amma mutanen cikin labari su yi magana da harshen da suka tashi da shi.

Ya kuma yi mana zama guda a kan 'yan kama, yadda suke ɗaukar muryar mai wa'azi da salon jan baƙi su zuba zancen tuwo da nama a ciki, fuska a murtuke. Da tashen da yara ke farawa goma ga azumi, inda yaro ke sa gemun auduga ya zama tsoho. Ya nuna mana cewa dariyar tana fitowa ne daga haɗa abu mai girma da ƙarami ba tare da mai yin ya murmusa ba.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. A wajen watan Afrilu muka yi, kuma kowa ya san zafin Sakkwato a lokacin. Ɗakin rufin kwano ne, in an ɗauke wuta fanka ta tsaya sai dai fifita da littafi. Mako na biyar ya tafi a kallon bidiyon masu barkwancin Amurka a wayar mataimakin Malam, rabinmu ba mu ji abin da suke cewa ba, ban kuma ga abin da ya ƙara mana ba. Gyaran aikin gida ta WhatsApp yakan kai kwana biyar kafin ya iso. Sannan mazan ajin suna yawan katse mu in muna karatu, Malam bai cika tsawatarwa ba sai da muka yi magana.

Wanda ke neman a ba shi jerin barkwanci ya kwafa, kada ya ɓata kuɗinsa. Wanda ke da labaran gidansu cike da baki yana son su rayu a rubuce, ya je da littafi da gorar ruwa mai sanyi. Za a buɗe zagaye na biyu bayan babbar salla, na riga na sa sunana, na kuma roƙi a maida zaman bayan la'asar.