Kafin ka sauke akwatin giya a gida: ina ya kamata kuɗinka su tafi?

Mai tsohuwar mota a Damagaram ya san ranar da giya ke fara gardama: ka taka kuloci, ka tura ta biyu, sai ka ji kamar ana niƙa tsakuwa. In ka ƙudura sauke akwatin giyar da kanka, bwat ɗin nan a bakin makanikanmu, kada ka fara da sayen sifanoni. Su ana iya aro. Fara da abin da zai riƙe motar a sama kana kwance ƙarƙashinta.

Kirik ɗin da ke zuwa da mota na canza taya ne kurum. Wasu na jera bulon siminti, ni kam ba na yarda, domin bulo yakan fashe ba sallama. Ga shi tsakar gidajenmu rairayi ne, ƙafar kirik tana nutsewa sannu sannu, mutum bai ankara ba. Abin saye na farko shi ne ƙafafun ƙarfe masu ɗaukar tan 3, a ɗora su kan katako mai kauri, a kuma danne tayoyin da suka rage a ƙasa. In kana da aboki mai gareji da rami, biyan ɗan kuɗin wuni guda ya fi duk wannan sauƙi, musamman in aikin sau ɗaya ne.

Sai abin tarbar akwatin. Nan motarka ce ke yanke hukunci. Akwatin ƙaramar mota irin Starlet bai cika wuce kilo 30 zuwa 40 ba, kirik mai aiki da mai da ke tafiya kan ƴan tayoyi ya isa, a sa masa faffaɗan katako a kai, mutum biyu na tallafe. Amma motar tana jan gaba, don haka sai an zare kardan biyu, wato sandunan da ke kai ƙarfi ga tayoyi, an kuma tokare inji, tunda akwatin na cikin abin da ke riƙe shi. Peugeot 504 tana jan baya, kardan ɗinta kuma cikin bututu yake, sai an ja shi baya kafin akwatin ya samu hanyar fita. Hilux mai jan tayoyi huɗu kuwa wani labari ne: akwai ƙaramin akwatin rarraba ƙarfi manne a baya, nauyin ya ƙaru, kuma yana rinjaya gefe. Ga irin wannan, kirik na musamman mai faranti da sarƙa ya cancanci kuɗinsa, ko ka haƙura ka kai gareji. Abin da nake tsoro shi ne akwatin ya rataya a kan sandarsa ta gaba, wadda ke shiga cikin faifan kuloci. Nan take faifan kuloci ke lanƙwashewa.

Cire batir tukuna, ka tsiyaye man giya, ka dubi maganaɗisun marufin kafar tsiyayar in yana da shi. Ɗan garin ƙarfe ba komai ba ne, gutsattsari kuwa haƙoran giya ne suka karye.

Daga nan zaɓi biyu ne. Gyaran naka ya fi araha in boris ne ko zoben daidaita giya ya cinye. In haƙora sun tafi, akwati na hannu ya fi, ko a nan gari ko daga kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa a Kano. Ka tafi da lambar akwatinka, ka ƙirga haƙoran sandar gaba, ka juya ta da hannu a kowace giya, ka kuma nemi alkawarin canji kafin ka biya.

Kuloci kuwa ka sayi sabo cikakke: faifai, faranti da boris ɗinsa. Na hannu ba ya nuna sauran kwanansa, kuma canza shi sai an sake sauke akwatin nan. Wajen mayarwa, tsohuwar sandar gaba da za ka aro wurin makaniki za ta daidaita maka faifan a tsakiya. In lokacin hunturu ne, ka toshe kowace kafa da tsumma mai tsabta, ƙura ba ta jiran gobe.