Fom ya yi yau, gobe ya ƙi: me ya kamata ka saya?

A ofisoshin ƙungiyoyin manoma, kemis-kemis da makarantun kuɗi daga Ringim zuwa Gumel, akwai masu ajiye lissafinsu a Microsoft Access, wato manhajar kwamfuta ta ajiye bayanai. Kukansu kusan ɗaya ne: fom ɗin shigar da bayanai ya yi aiki lafiya da safe, da azahar ya ƙi adanawa, gobe kuma ya koma aiki kamar bai taɓa ƙi ba. Sai a ce kwamfuta ta tsufa, a fara haɗa kuɗin sabuwa. Ni dai ina ganin sabuwar kwamfuta ce ya kamata ta zo a ƙarshe.

Fara da littafi da biro. Duk lokacin da fom ya ƙi, a rubuta ranar, ƙarfe nawa, wace kwamfuta, saƙon da ya fito, da ko an ɗauke wuta ko an tayar da janareta. Wannan littafin shi zai nuna maka inda kuɗinka za su tafi.

In matsalar tana bin ɗaukewar wuta, UPS za ka saya, wato na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci in an ɗauke wuta. Access yana rubuta komai cikin fayil guda, to in wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, fayil ɗin yana iya lalacewa, kuma ɓarnar ba lalle ta bayyana ran nan ba. Mai laftof yana da batirinsa, amma kada ya manta da kwamfutar da ke riƙe da fayil ɗin da na'urar da ke haɗa su. Su ma suna son kariya. Wanda ke da sola da inbata mai kyau ya riga ya huta da wannan.

In kwamfutoci biyu ko uku ke aiki da fayil ɗaya ta Wi-Fi, waya za ka ja. Yankewar ƙiftawar ido, wadda mai kallon bidiyo ba zai ma lura da ita ba, ta isa ta sa fom ya rasa hanyarsa. Wayar haɗa kwamfutoci ta Cat6 tana kai mita 100, ga araha, kuma a nan ta fi Wi-Fi nesa ba kusa ba.

Wani lokaci kuwa ba kaya ake buƙata ba, ma'aikaci ne. Ka biya wanda ya san Access ya raba fayil ɗin gida biyu: bayanai a wuri ɗaya, kowace kwamfuta kuma da nata kwafin fom. Ya yi Compact and Repair, wato umarnin Access da ke matse fayil ya gyara shi, bayan ya ajiye kwafi, domin fayil ɗin Access ba ya wuce gigabait 2. Ya kuma duba kwanan wata, wanda ni na fi zargi. A cikin umarnin SQL, wato yaren da ake nema ko adana bayanai da shi, Access yana fara karanta wata kafin rana, irin na Amurka, don haka 05/03 yana iya zama 3 ga Mayu maimakon 5 ga Maris. Daga ranar 13 ga wata sai abin ya gyaru da kansa, tunda babu wata na 13. Shi ya sa wani fom yake rikicewa a farkon wata kawai. Kafin ka biya, ka ce ya nuna maka musabbabin a littafinka. Wanda ya ce a sake saka Windows tun bai duba ba, ka nemi wani.

Ƙaura zuwa SQL Server Express, wata manhajar ajiye bayanai ta Microsoft da ta fi Access ƙarfi, ta masu aikin da ya girma ce. Kyauta ne, na 2022 yana ɗaukar gigabait 10, kuma fom ɗinka na Access zai ci gaba da aiki a kansa, sai dai yana son mai kula. LibreOffice Base, wata manhaja mai aiki irin na Access, ita ma kyauta ce, amma sai an sake gina fom daga tushe.

Sabuwar kwamfuta sai in littafin ya nuna guda ɗaya ce kullum take ƙi. Ko a nan ma, a fara hure mata ƙurar hunturu, a canza ƙaramin batirin CR2032 in agogonta yana komawa baya, a gwada saka mata SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri.