Sandar fatsar da aka haɗa min a Kano: kyau kam akwai, amma zoben bakinta ya cuce ni

Masu zuwa fatsa Tiga da Challawa kun san bawan Allahn nan da yake haɗa sanda a zauren gidansu, ba sai na kama suna ba, kuma kun san kuɗin da yake karɓa ba na wasa ba ne. To nima na kai masa aiki, tsohuwar sandata ce ta kabon da mariƙinta ya ruɓe, zobban da zare yake bi ta ciki guda biyu sun fita, na ce ya kware ta tas ya sake gina min ita daga tushe har baki, ya yi mata ado irin wanda na gani a hannun wani abokina.

Gaskiya fa mutumin nan yana da hannu. Kayan aikinsa ma abin kallo ne, babu ko ɗaya da ya saya a shago. Katako biyu ya yanke musu baki kamar gwafa ya liƙa tsumma a ciki, a nan sandar take kwanciya yana murza ta da yatsa yana naɗa zare, shi kuma zaren ta tsakiyar wani tsohon littafi yake bi an danne da bulo don ya yi tauri daidai. Wajen busar da gam kuwa ɗan injin nan da yake juya faranti a cikin maikurowef ya ciro, wanda yake zagaye biyar zuwa shida a minti, shi yake juya sandar a hankali har gam ɗin ya kama bai taru gefe ɗaya ba. Ya ce in aka ɗauke wuta da hannu yake zama yana juyawa, wani lokacin har tsakar dare. A gabana ya dogara sandar a ƙasa ya lanƙwasa yana mirgina ta har ya gano ɓarin da take faɗawa da kanta, ya sa alama da alli, wai a kan wannan layin ake jera zobba. Ni ban taɓa sanin ana wannan ba ma.

Mariƙin da jar fata ya naɗe shi irin ta dukawa, sannan sama da shi ya saƙa dagin Arewa da zaren ɗinkin hula, kai, ranar da na karɓa sai da na ɗauki hoto na tura wa kowa.

Amma fa ga inda gizo ke saƙa. Tun farko na ce masa zobban kamfanin Fuji nake so, masu tangaran a ciki, na ba shi kuɗinsu daban, saboda zaren da nake sa wa injin naɗe zare na jikin sandar irin saƙaƙƙen nan ne, kuma duk mai fatsa ya san shi ba ya shiri da ƙarfe tsirara, yau da gobe sai ya yi wa zobe gurbi, gurbin kuma ya dawo yana cin zaren. Na ƙasa duka ya sa masu kyau, ba ni da ja. Ashe na can baki, wanda shi ne yake shan duk wahalar, bai samu daidai kaurin sandar ba, maimakon ya buga min waya sai ya lanƙwasa waya da filaya ya goge ta ta yi ƙyalli ya liƙa, ya rufe gindin da baƙin zare da gam yadda in ba ka ƙura ido ba ba za ka gane ba. Bai ce min uffan ba.

A Tiga abin ya tonu. Da sassafe ne bayan asuba, ruwa ya kwanta, na sa ƙaramar karfasa a ƙugiya na wurga wajen duwatsu, ban jima ba na ji an fizga irin fizgar da ba ta tarwaɗa ba, inji ya kama kuka zare yana fita, sandar ta lanƙwashe har kusan mariƙi kuma wallahi ta riƙe, a nan dole in yaba masa. Mai kwale-kwalen da ya ɗauke ni ya miƙe tsaye yana cewa oga giwan ruwa ne, bi shi a hankali, kar ka ja. Na bi shi a hankali ɗin, in sake masa in naɗo, in sake in naɗo, har ya taso sama ya buɗe baki ya girgiza kai muka ga farin tumbinsa da idonmu. Ina cikin naɗowa sai na fara jin wani ƙir-ƙir a bakin sandar, kafin in ankara zare ya ce tas. Ba a wajen ƙugiya ya tsinke ba balle a ce dutse ne ko kunnen kifin, a bakin sanda ya tsinke, ragowar da ke hannuna duk ta yi gashi-gashi. Mai jirgin ya karɓa ya zura farce cikin zoben ya ce oga ai wannan waya ce, ga mahaɗarta nan da kaifi. Ranar ko karfasa ban ƙara nema ba, na ce ya mayar da ni gaɓa.

Da na koma masa raina a ɓace, bai yi musu ba, ya ce yallaɓai ka yi haƙuri, na ga kana ta sauri ne kuma irin wannan na sa wa mutane da yawa ba wanda ya dawo. Na ce Malam su da zaren roba suke fatsa, ni na gaya maka irin nawa tun ranar farko. Ya ɗan gasa bakin da ashana gam ya saki, ya zare wayar, bayan ya sa an kawo masa na gaske daga Legas ya sa min bai karɓi ko sisi ba, har ya ƙara min ɗan maƙalin ƙugiya a gindi. Yanzu sandar lafiya lau take, wurgi mai nisa, ba nauyi, fatar ma ba ta santsi ko hannu ya jiƙe. Don haka in an tambaye ni zan ce a kai masa.

Sai dai kuma da na zauna ina duba ta abubuwa suna dawo min. Zaren dagin nan kore da ruwan ɗorawa na zaɓa, yanzu ya koma wani duhu-duhu kamar an jiƙa shi da man gyaɗa, saboda bai shafa abin da ake shafawa don kare launi ba kafin ya zuba gam, kuma ya san haka zai faru. Ga gobe-jibi da ya dinga yi min har damina ta shigo ruwa ya gurɓace. Ga kuɗin zoben farko da ban ji ya ambata ba har yau. Wanda zai kai masa aiki ya sayi zobbansa da kansa har da na baki, ya ƙirga su a gabansa, kuma ranar karɓa ya zura auduga cikin kowane zobe ya ja, in ta maƙale ko ta bar gashi kar ya biya cikon kuɗin.