Aisin na bota, na farin ƙwai ko na tsomawa: wanne ya dace da kukis ɗin ots a Sakkwato?

Assalamu alaikum 'yar uwa. Na karanta tambayarki, inda kika ce kina so ki gasa kukis ɗin ots a gida domin walimar saukar ƙanwarki, za a raba wa baƙi a ƙananan robobi, a kuma aika wa dangi da wasu, amma kin rasa irin aisin ɗin (wato haɗin sukarin da ake yi wa kek ko kukis ado da shi) da za ki ɗora a kai tsakanin na bota da na farin ƙwai. Zan ƙara miki na uku da ba ki ambata ba, wato na tsomawa, domin a ganina shi ne ya fi dacewa da aikin da ke gabanki. Duk da haka bari in jera miki su gefe da gefe, ki auna da kanki.

Da farko sai a duba abin da za a ɗora aisin ɗin a kansa. Kukis ɗin ots ba shi da santsin fuska irin na fulawa zalla wanda ake murzawa a yanka. Fuskarsa tudu da kwari ce, cikinsa kuma yana da taushi da ɗan danƙo. Awon da nake amfani da shi shi ne bota giram 115, sukari giram 150, ƙwai 1, fulawa giram 120, ots giram 150, rabin ƙaramin cokali na bekin soda, sai kirfa da ɗan gishiri. Nakan barza rabin ots ɗin a bilenda, ba har ya koma gari ba, saboda kwaɓin ya haɗe jikinsa, sannan in sa shi a firij na minti 30 don kada ya baje a faranti, in gasa a digiri 180 na minti 10 zuwa 12. Wadda take gashi da tukunya da yashi a kan gawayi ta rage wutar ƙasa, domin ots yana saurin ƙonewa ta gindi tun samansa bai nuna ba.

Aisin na bota shi ne ya fi sauran daɗi a baki, wannan babu gardama. Ana buga bota awo ɗaya da sukarin aisin (wato sukari mai laushi kamar gari) awo biyu har ya yi fari ya tashi, kuma yana karɓar kala da ƙamshi yadda ake so. Matsalarsa ita ce garinmu. Bota tana narkewa ne tsakanin digiri 32 zuwa 35, alhali kin san daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40 da rana, kuma ko a cikin ɗaki ba a tsira ba idan babu wuta. Na taɓa yi wa wata 'yar uwa kukis na suna a watan Afrilu, na tsara musu furanni da aisin na bota, na ɗauko su daga Mabera zuwa Arkilla a keke napep. Da aka buɗe robar, furannin duk sun kwanta, mai ya tsattsafo ya taru a gindi, kalar hoda ta shiga cikin fara, har na rasa bakin da zan ba ta haƙuri. Wasu sukan musanya bota da majarin irin su Simas saboda ya fi jure zafi kuma ya fi araha, gaskiya ne yana ɗan jurewa, sai dai yana barin maiƙo a dasashi, kuma shi ma ba ya bushewa. Wannan rashin bushewar ita ce babbar illa ga mai son rabawa, domin ba za ki iya ɗora kukis ɗaya a kan ɗaya ba tare da sun manne ba. Ga shi kuma kukis ɗin kansa akwai bota a jikinsa, idan aka ƙara masa wata a sama sai ya yi nauyi, mutum ya ci ɗaya ya gundure shi. Inda nake ganin amfaninsa shi ne a lokacin hunturu, a shafa shi tsakanin kukis biyu a haɗe su, a cinye a ranar.

Na farin ƙwai kuwa akasin haka yake. Farin ƙwai 1 yana ɗaukar sukarin aisin giram 200 zuwa 250, da 'yan ɗigon lemun tsami, a buga har ya yi kauri ya tsaya. Babu mai a cikinsa ko kaɗan, saboda haka zafi ba ya narkar da shi, kuma idan aka bar shi ya kwana yakan bushe ƙarau, a jera kukis a kan juna, a yi tafiya da su har Argungu ko Gusau ba abin da zai same su. Shi ne kaɗai cikin ukun da za ki iya rubuta sunan mai sauka da shi a karanta. Sai dai yana son tsafta ƙwarai: idan kwanon yana da maiƙo, ko ɗigon kwaiduwa ya faɗa ciki, ba zai tashi yadda ya kamata ba. A watan Disamba da Janairu iskar hunturu takan busar da shi tun yana cikin kwano, dole sai an rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta, ga bakin ledar da ake zuba shi a matso a yi zane da ita, wanda ke toshewa da zarar an ajiye ta. Da damina kuma danshi yakan hana shi bushewa da wuri, kaloli su riƙa zuba cikin juna.

Abubuwa biyu ne suke sa ni ja da baya a kansa game da aikinki. Na ɗaya, layin da kika ja a kan fuskar ots ba zai miƙe ba, zai hau tudu ya faɗa kwari, kuma idan kika cika fuskar da shi gaba ɗaya don ta daidaita, za a samu ɓawo mai tauri a kan kukis mai taushi, a ciza sama ya farfashe ƙasa ya lotsa, daɗin kirfa da ots ya ɓace a ƙarƙashin zaƙi. Na biyu ya fi muhimmanci: farin ƙwan ɗanye ne, ba a dafa shi, kuma ɗanyen ƙwai yana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai jawo zazzaɓi da gudawa. Taron walima kuwa cike yake da ƙananan yara da tsofaffi da masu juna biyu, waɗanda su ne cutar ta fi wahalarwa. Idan har za ki yi shi, ki nemi garin farin ƙwai da ake sayarwa a shagunan kayan kek, wanda aka riga aka kashe ƙwayoyin cutar cikinsa, ki dama shi da ruwa bisa awon da ke jikin gwangwanin.

Na tsomawa shi ne mafi sauƙi kuma mafi araha, kuma da shi aka fi sanin wannan nau'in kukis. Sukarin aisin kofi 1 ne, kimanin giram 120, da madara babban cokali 2, ko ruwan lemun tsami idan kina so ki karya zaƙin. Ki tankaɗe sukarin tukuna, ki riƙa zuba madarar kaɗan-kaɗan, har sai idan kika ɗaga cokali zaren da ya zubo ya ɗan tsaya a saman kwaɓin kafin ya nitse. Daga nan ki kama kukis ta gefe da yatsu biyu, ki kifa fuskarsa a kan aisin ɗin ta taɓa kawai, ki ɗago shi tsaye ba tare da kin juya ba, ki bari ragowar ta ɗiga, sannan ki juyo fuskarsa sama ki ajiye shi a kan raga. Za ki ga farin ya kama kan tuddan, kwarurukan sun rage da launinsu na gashi, kowane kukis da nasa zanen, wato wannan rashin santsin da ya ɓata wa na farin ƙwai aiki shi ne adon wannan. Shi ma babu mai a cikinsa, don haka zafin bazara ba ya kwantar da shi. Abokin gabarsa tururi ne da danshi, shi ya sa sai kukis ya huce sarai kafin a tsoma, in ba haka ba aisin ɗin zai tsinke ya shige ciki. Samansa yakan kama cikin awa 1 zuwa 2, amma ni nakan bar shi ya kwana kafin in jera. Iyakarsa ita ce ba a rubutu da shi, kuma bai kai na farin ƙwai tauri ba, idan aka danne shi da nauyi zai nuna.

Duka ukun sun dogara ne da sukarin aisin mai kyau. Niƙa sukarin shayi a bilenda ba ya maye gurbinsa, domin yakan bar tsakuwa-tsakuwa a harshe, kuma na kanti ana haɗa shi da ɗan sitacin masara da ke hana shi dunƙulewa. Idan kin je Babbar Kasuwa ki matsa ledar da hannu, wadda kika ji ta yi ƙulalai danshi ya shige ta.

Da ni ce ke, zan tsoma dukkansu, in ware guda 12 ko 15 na farantin mai sauka da malamanta, waɗanda zan tsoma su da ɗan kauri, bayan sun bushe fuskar ta ɗan daidaita sai in rubuta sunanta a kai da aisin na garin farin ƙwai. Ki gasa saura kwana 2 da dare lokacin da gari ya yi sanyi, ki tsoma da safe, ki bar su a kan raga a rufe da abin tankaɗe saboda ƙuda da ƙura, washegari ki jera su a robobi da takardar gashi tsakanin kowane layi. Allah ya sanya albarka a karatun, ya sa a yi taro lafiya.