Jama'ar Maraɗi, ku yi hattara da mai sayar da lu'ulu'u ta WhatsApp

Jikka 850. Ku sake karantawa, jikka 850 na tura wa mutumin nan kan zobe guda na kayan auren ɗiyata, abin da ya zo mini kuma ba lu'ulu'u ba ne.

Kada wani ya ce mini Hajiya kin yi sakaci. Na daɗe ina harkar zinariya, ko a hannu na riƙe ina gane ta gaske. Na tambayi takarda, ya turo hoton takardar GIA, cibiyar nan ta Amurka mai tantance duwatsu. Ɗana ya sa lambar a shafinsu, ta fito daidai: nauyi karat 1, launi G (wato kusan fari tas), yanka mafi daraja. To me kuma ya rage? Ashe takardar gaskiya ce, amma ta wani dutse ce can a hannun wani. Shi hotonta kawai ya ɗauko.

Abin da ke hana ni barci muryarsa ce. "Hajiya, wallahi ke uwa ce gare ni, ba zan ci amanarki ba." Ina zaune tsakar gida bayan Azahar ya faɗi haka. Wannan bayan na tura kashin farko ne, jikka 400. Kafin nan ne ya kira ni ta bidiyo, wai daga shagonsa a Dubai, yana juya zoben ƙarƙashin fitilu, yana walƙiya har da ja da shuɗi. Ƙarƙashin irin fitilun nan ko fasasshen kwalba sai ya yi ƙyalli. "Ke uwa ce gare ni." Sai na cika masa 450.

Da saƙon ya iso na kai wa wani maƙerin zinariya a babbar kasuwa. Ya ɗora masa na'urar gwaji, ta yi ƙara, har na ce alhamdulillahi. Sai ya ce dakata Hajiya, akwai wani dutse, moisanait, da ke ruɗar na'urar nan. Ya sa madubin ƙara girma ya karkata zoben: layukan yankan ciki duk bibbiyu suke fitowa, na lu'ulu'u kuwa ɗaiɗai ne. Ya duba gefen dutsen, inda takardar ta ce an zana lambar da leza, wayam. Gaban yaran shago aka faɗa mini haka, ni da nake koya wa mata sayen kaya.

Tun daren nan ya toshe ni. Hirarmu, takardun aika kuɗi da saƙonnin muryarsa duk suna nan, zan sa su da zarar na dawo daga wurin ƴan sanda.

Hoton takarda ba shaida ba ne. In ba a nuna maki lambar a jikin dutsen ba, kuma ba a yarda ki mayar in bai yi ba, kada ki tura ko dala. Biki saura kaɗan, mahaifin ɗiyar tawa bai ma sani ba tukuna, jikka 850 kuma na adashen da na kwasa ne.